Filin Tambaya da Amsa: Me Mussa Ke Nufi In Ta Yi Kuka?

Yawancin saƙonnin da suka shigo mana a wannan karon a kan kukan kyanwa suke, shi ya sa muka haɗa su wuri ɗaya. Mun taƙaita wasu, mun kuma cire sunayen masu aikowa. Likitocin dabbobi masu kula da wannan fili ne suka ba da amsa.

Daga wata uwar gida, Mabera: Assalamu alaikum. Mussata mace ce, watanta bakwai da haihuwa. Kwana biyar ke nan, da dare ya yi sai ta kama wani dogon kuka irin na jariri, tana birgima a ƙasa, tana neman hanyar fita. Maƙwabta sun ce maye ne ya shige ta, in kai ta bayan gari in yar. Uwar mijina ma ta tsorata. Mi ka sa wanga kuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar da na Inna. Mussarki balaga ta yi, muzuru take kira. Mace kan fara neman barbara daga wata 5 zuwa 9, wasu ma tun suna wata 4. Kina iya tabbatarwa da kanki: shafa bayanta har zuwa gindin wutsiya. In ta kwantar da ƙirji a ƙasa, ta ɗaga ƙugu sama, ta karkatar da wutsiya gefe guda, tana taka ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya, to magana ta ƙare. Ba za ki ga jini ba, domin kyanwa ba ta zubar da jini a wannan lokaci yadda karya ke yi. Cin abincinta kan ragu, ta riƙa goga kai a jikin mutane da ƙafafun kujeru.

Abin yakan ɗauki kamar mako guda. In ba ta haɗu da namiji ba sai ta lafa, bayan mako 2 zuwa 3 ta sake dawowa da shi. A ƙasashen Turai yana bin lokacin shekara, saboda tsawon yini ne ke tada shi. A nan Sakkwato tsawon yini bai cika bambanta sosai tsakanin hunturu da damina ba, don haka tana iya yi a kowane wata.

Akwai wata ƙara kuma da mutane ke ji a kan katanga cikin dare su ce aljanu ne: ihu ɗaya mai kaifi, sai a ji gudu. Gaban muzuru yana da ƙananan ƙayoyi masu fuskantar baya. Lokacin da ya janye bayan barbara sai su karce macen, ta yi ihu ta juyo ta kai masa duka. Wannan karcewar ce ke sa jikinta ya saki ƙwai. Daga nan ciki ne na kwana 63 zuwa 65, ɗiya uku zuwa biyar galibi, kuma tana iya sake neman namiji tun kafin ta gama yaye.

Hanya uku ce gabanki. Ko ki bar ta ta haihu, in kina da inda za ki kai ɗiyan. Ko ki riƙa rufe ta a ɗaki ki jure kukan duk bayan mako biyu. Ko a yi mata aikin cire mahaifa da ƙwai, wanda shi ne ke kashe kukan baki ɗaya. Ana yin aikin a Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran asibitocin dabbobi da ke da likitan fiɗa. Za a gaya miki awowin da za ki hana ta abinci kafin a sa mata maganin barci, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. In zuciyarki na da tambaya kan hukuncin aikin a addini, ki je wurin malaminki. Abin da muke roƙo shi ne kada ki yarda wani ya yi mata allurar tsarin iyali ta mutane. Tana tsayar da kukan, gaskiya ne, amma tana jawo taruwar mugunya a mahaifa, da ƙari a mama, da ciwon suga.

Batun yar da ita a bayan gari kuwa, mussar da ta saba cin abinci a kwano ba ta daɗe a daji. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ya isa ya nuna mana nauyin haƙƙin wannan dabba.

Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo: Na lura mussata ba ta yi wa sauran magunan unguwa "miyaw", ni kaɗai take yi wa. Kuma kullum kafin kiran assalatu sai ta tashe ni da kuka. Shin kowane kuka yana da ma'anarsa da zan iya haddacewa?

Amsa: Ka lura da abin da masana suka daɗe da tabbatarwa. "Miyaw" kukan ɗa ne ga uwarsa. Manyan maguna ba su cika yi wa juna shi ba, sun fi magana da ƙanshin jiki, da fitsari, da yanayin tsayuwa. Wadda ta tashi a hannun mutum sai ta riƙe kukan yarinta, domin ta gano yana sa a buɗe ƙofa ko a zuba abinci. Magunan da suka tashi a kasuwa ko a juji ba tare da mutane ba, da wuya ka ji suna yi.

Tun 1944 wata Ba'amurkiya mai suna Mildred Moelk ta kasa sautukan kyanwa gida uku, kuma rabon nata yana da amfani har yau. Akwai waɗanda ake yi baki a rufe, wato gurnanin jin daɗi da gajeren "prrr" na gaisuwa. Akwai waɗanda baki ke buɗewa sannan ya rufe, wato "miyaw" da dogon kiran barbara. Akwai kuma waɗanda baki ke tsayawa a buɗe a ɗaure, wato huci da ihun faɗa ko na ciwo. Kashin farko yawanci na zumunci ne, na biyu na neman wani abu, na uku na tsoro ko zafi.

Amma jerin ma'anoni da za ka haddace ya yi aiki kan kowace mussa, babu shi. A wani bincike da aka wallafa a 2003 daga Jami'ar Cornell ta Amurka, an kunna wa mutane kukan magunan da ba su sani ba, aka ce su faɗi halin da aka yi kukan a ciki. Kaɗan suka ɗara wanda ke cinka kawai, ko da yake waɗanda suka saba da maguna sun ɗan fi. Kowace mussa da maigidanta suna ƙulla nasu fahimtar ne. Abin da za ka dogara da shi: ina take tsaye, wane lokaci ne, ina take kallo, yaya wutsiya da kunnuwa suke. Gajeren kuka mai siririyar murya, wutsiya a miƙe sama, gaisuwa ce. Kuka mai tsawo da ake maimaitawa a bakin ƙofa ko kusa da kwano, buƙata ce. In muryar ta yi ƙasa ta yi kauri, ranta ya fara ɓaci.

Tashin asuba kuwa, kai ka koya mata ba tare da ka sani ba. Halittarta ce ta fi kuzari da magariba da kuma goshin asuba, lokacin farauta. In kana tashi ka zuba mata abinci don ta yi shiru, ta koyi cewa kuka ne ke kawo abinci, gobe za ta fara da wuri. Ka raba tashinka da cinta: sai ka dawo daga masallaci ka zuba mata. Bayan isha'i ka yi wasa da ita minti 10 zuwa 15 da tsumma ɗaure a igiya, sannan ka ba ta abincin dare. In ta yi kukan asuba kada ka amsa, ko da tsawa ce, don tsawar ma kulawa ce a wurinta. Kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu. A nan mafi yawan mutane ke karaya su miƙa abincin, sai aikin ya koma baya.

Daga wani dattijo, Gidan Igwai: Mussata tana kwance a lungu yau kwana biyu, ba ta ci ba, amma tana ta wannan gurnani da take yi in ana shafa ta. Yara sun ce ai lafiya lau take tunda tana yi. Na yi niyyar ba ta rabin Panadol.

Amsa: Baba, don Allah kada ka ba ta. Farasitamol guba ce ga kyanwa. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa shi, sai ya lalata jinin ya kasa ɗaukar iska. Rabin ƙwaya mai miligiram 500 yana iya kashe babbar mussa. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafukan ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Haka ibufurofen da daikulofenak, duk ba nata ba ne.

Shi wannan gurnani mai laushi a maƙogwaro ake yin sa, da girgiza sau 25 zuwa 150 a sakan ɗaya, ana jan numfashi ana fitarwa ba ya yankewa. Ɗan mussa yana fara shi tun yana 'yan kwanaki, lokacin shan mama. Gaskiya ne yawanci alamar natsuwa ce. Sai dai kyanwa tana yin sa a lokacin naƙuda, da lokacin da ƙashi ya karye, har da gab da mutuwa. Akwai ma wani iri na roƙon abinci: a 2009 Karen McComb ta Jami'ar Sussex a Ingila ta nuna cewa wasu maguna suna cusa wata siririyar ƙara a cikin gurnanin in suna son a ciyar da su, kuma mutane na jin sa da gaggawa fiye da na yau da kullum.

Jiki ne ke bambancewa. Mai jin daɗi tana miƙe a sake, ido a lumshe, tana murza tafin ƙafa a kan tabarma ko cinyar mutum. Mai ciwo tana duƙe, ƙafafu a tattare ƙarƙashinta, kai a ƙasa, kunnuwa sun karkata gefe, gashi ya yamutse don ta daina lasar jiki, ta ɓuya a lungu. Ka ɗaga leɓenta ka duba dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai haske da laima. Fari, ko rawaya, ko ruwan ƙasa, duk alamar hatsari ce. Ka ƙirga numfashinta tana kwance, kada ya wuce 30 zuwa 35 a minti. Ka kuma tuna ko an fesa fiya-fiya ko an zuba maganin ɓera a gidan cikin kwanakin nan, ka faɗa wa likita. Kyanwar da ta kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, kitse na iya taruwa a hantarta, musamman in mai ƙiba ce. Ka kai ta yau.

Daga wani mai shago, Ƙofar Rini: Muzuruna yana zuwa wurin rairayin da yake bahaya, ya tsuguna ya daɗe yana ƙara, ba abin da ke fita sai ɗigo. Yana yawan lasar gabansa. Ina ga basir ne ko taurin kashi, zan ba shi man gyaɗa.

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi gaggawa a duk saƙonnin. Da alama fitsari ne ya toshe, mutane kuma kan ɗauka kashi ne saboda tsugunon iri ɗaya ne. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce kuma siririya ƙwarai a ƙarshe, 'yan tsakuwoyi da majina kan haɗu su rufe ta. In ka taɓa ƙasan cikinsa a hankali za ka ji mafitsara ta cika ta yi tauri kamar lemu. Kada ka matsa, tana iya fashewa. Fitsari in ya kasa fita, ƙoda sai ta tsaya, gishirin fotasiyam ya hau a jini ya rikita bugun zuciya. Daga toshewa zuwa mutuwa kwana 1 zuwa 3 ne kawai. In ya fara amai, ko ya kwanta jiki ya yi sanyi ya daina ƙarar, ba sauƙi ya samu ba, ƙarfinsa ne ya ƙare.

A asibiti za a sa masa maganin barci, a zura siririyar roba a buɗe hanyar, a wanke mafitsara, a ƙara masa ruwa. Man gyaɗa ba ya kai wa nan.

Bayan ya warke sai a kula da ruwa, don abin yana dawowa. Mussa mai kilo 4 tana buƙatar kusan mililita 200 a yini, har da wanda ke cikin abinci. A bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ruwan roba a rana yakan yi zafi ta ƙi sha. Ka sa kasko na ƙasa biyu ko uku a inuwa, nesa da wurin bahaya, ka sauya ruwan safe da yamma. In busasshen abincin leda yake ci, ka jiƙa shi ko ka haɗa da dafaffen kifi ko nama da romonsa, ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, don waɗannan biyun na fasa ƙwayoyin jininsa.

Daga wata ɗaliba, Arkilla: In mussata ta hango tsuntsu ko ƙadangare ta taga sai haɓarta ta kama rawa tana "kak-kak-kak". Farfaɗiya ce?

Amsa: Ba farfaɗiya ba ce, 'yar'uwa. Zumuɗin farauta ne in ta ga abin da ba za ta iya kaiwa gare shi ba, kuma da ta kau da ido zai tsaya. Sai in haɓar na rawa babu abin da take kallo, ko lokacin cin abinci, tare da dalalar yawu ko warin baki, shi ne za a duba haƙoranta.

Daga wata uwa, Gawon Nama: Tun da mussarmu ta haihu take yi wa yara huci, har ta ciji ƙaramin a hannu. Babansu ya ce a yi mata duka ta daina.

Amsa: Huci ba rashin kunya ba ne, Hajiya, tsoro ne da kashedi. Yana da matakai: wutsiya ta fara kaɗawa da ƙarfi, kunnuwa su kwanta baya, baƙin ido ya buɗe, sai gurnani mai kauri daga ciki, sai huci baki a buɗe, sannan farce da haƙori. Ki koya wa yara cewa da sun ji gurnanin su janye hannu su ja da baya. Duka yana ƙara mata tsoro, wani lokaci ma ya sa ta daina kashedin ta riƙa cizo kai tsaye, ko ta kwashe ɗiyan ta kai su inda ba za ku gansu ba. A sa mata kwali a lungu mai duhu, a hana yara ɗaukar ɗiyan a mako biyun farko.

Cizon shi ne abin da ya fi damunmu. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a sa ayodin, a kai yaron asibiti a ranar. Haƙorin kyanwa siriri ne, yana shiga da zurfi, bakin ciwon ya rufe da ƙwayoyin cuta a ciki, hannu ya kumbura cikin yini guda. Sannan kyanwa tana ɗaukar ciwon haukar kare, wanda in alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba a tsira. Likita ne zai yanke shawarar allurar rigakafi, kuma kada a jinkirta ta. A tsare mussar ana lura da ita kwana 10. In muryarta ta sauya ta dushe, ko tana dalalar yawu, ko ta kasa haɗiya, ko tana kai hari ba dalili, kada kowa ya taɓa ta da hannu, a kira ma'aikatan dabbobi. Ita kanta mussar ana yi mata rigakafin wannan ciwo daga wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara.

Daga wani matashi, Wamakko: Mota ta kashe uwar, ta bar ɗiya uku, idonsu bai buɗe ba. Suna ta tsuwa ba dare ba rana ko da na ba su madarar gwangwani a cokali.

Amsa: Allah ya saka maka da alheri. Tunda ido bai buɗe ba, da wuya su wuce mako biyu. Jaririn mussa da ya ƙoshi ya ji ɗumi barci yake yi kusan duk yini. Tsuwa mai ɗorewa tana nufin sanyi, ko yunwa, ko ciki ya cika ba su yi bahaya ba. Ka bi su a haka.

Ɗumi ne farko, don ba sa iya riƙe zafin jikinsu sai sun kai mako 3 zuwa 4. Ka cika gorar roba da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tsumma, ka sa a gefe ɗaya na kwalin yadda za su iya matsawa in ya yi musu yawa. Da hunturu ka sauya ruwan cikin dare. Kada ka shayar da wanda jikinsa ya yi sanyi, cikinsa ba zai narkar ba, sai ka ɗumama shi tukuna.

Madarar shanu da ta gwangwani suna sa su zawo, kuma ba su da isasshen abin gina jiki. Ka nemi madarar jariran maguna a shagon magungunan dabbobi, ko mafi kyau, wata mussa mai shayarwa da za ta karɓe su. Ka ba su da sirinji marar allura duk awa 2 zuwa 3, har cikin dare, kada ya wuce mililita 4 ga kowane giram 100 na nauyinsu a shayarwa ɗaya. Su kasance a kife kan ciki, kai a ɗan ɗage. In ka kwantar da su rigingine madara na shiga huhu, ka ga tana fitowa ta hanci, daga nan sai ciwon huhu. Bayan kowace shayarwa ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa ƙarƙashin wutsiya a hankali har su yi fitsari, domin lasar uwa ce ke sa su yi. In kana da ƙaramin sikeli ka auna su kullum: ana haifarsu da kusan giram 100, su riƙa ƙara giram 10 zuwa 15 a rana. Wanda ya daina ƙaruwa, ko tsuwarsa ta yi rauni ya ware daga 'yan'uwansa, shi za ka fara kaiwa asibiti.

Daga wata Hajiya, Minanata: Mussata ta haura shekara 13, an yi mata aiki tun tana ƙarama. Yanzu tsakar dare take tsayawa tsakar gida tana wani kuka mai ƙarfi, ba ta kallon kowa.

Amsa: A wannan shekarun abubuwa huɗu ake fara dubawa: kurumta, hawan jini wanda galibi ke tafiya da ciwon ƙoda, yawan aikin ƙwayar tayiroid da ke wuya, da ruɗewar tsufa. Ki tafa hannu a bayanta inda ba ta ganinki, ki ga ko kunne zai motsa. Wadda ta kurumce ba ta jin muryarta, shi ya sa take ɗagawa. Ki lura ko tana ci da yawa amma tana ramewa, ko shan ruwa da fitsari sun ƙaru, ko tana karo da kaya a ɗaki, ki faɗa wa likita don a gwada jini da fitsari. Hawan jini da tayiroid duk ana shawo kansu da magani, kukan ma yakan ragu. Kafin nan ki bar mata ƙaramar fitila da dare, ki matso da ruwa da rairayinta kusa da makwancinta, kuma kada a riƙa sauya wa kayan ɗakin wuri.